Kafin ka sauke GTI ƙasa, ɗauko tef ka auna ƙafarta

Za ka ga Golf GTI biyu sun tsaya gefe da gefe, shekara ɗaya, inji ɗaya, amma ɗaya ta ɗara ɗaya tsawo da kusan kaurin yatsa. Mai gajeriyar ya ce tasa ce ta asali, mai doguwar ya ce ai waccan yanke mata sifirin aka yi. Sau da yawa kowannensu da gaskiyarsa, don tun daga kamfani ba tsayi ɗaya ake fito da su ba. Aikin ƙafar motocin Jamus nake yi, kuma wannan gardamar ta fi kowace yawan zuwa gareji, musamman daga matasan da suka ɗauko Beljiyom daga Kwatano suna son ganin taya ta shige cikin fenda.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne GTI da ma a sauke take. Volkswagen ta rage wa GTI ta biyar, wato zubi na biyar na motar, wadda ta fito a 2004, milimita 15 idan aka gwada ta da Golf ta gama-gari. Ta shida an rage mata 22 a gaba, 15 a baya. Ta bakwai an koma 15, Golf R kuwa ta wannan zubin 20. Sai kuma wata ƙura: GTI ta biyar da aka kai Amurka a 2006 da 2007 ta fi ta Turai tsawo, sai a ƙirar 2008 aka sauko da ita daidai da 'yar'uwarta. Tun da motocinmu wasu daga Amurka suke shigowa wasu daga Turai, ka ga inda gardamar ta samo tushe.

Wannan yana da amfani ranar sayayya. Kwalin sifirin zai ce yana sauke mota milimita 30, amma sau da yawa da Golf ta gama-gari aka yi lissafin. Ka ɗaura wa GTI, sai ka ga 15 kawai ta sauka, ka fara zargin mai shago. Haka kuma wanda ya ɗauki sifirin ɗin da aka yi wa GTI ya ɗaura wa Golf mai ƙaramin inji, zai ga ta nutse fiye da yadda ya zata. Ka karanta wace mota aka rubuta a jikin kwalin, ba lambar milimita kaɗai ba.

Yadda ake awon

Kada ka auna daga ƙasa zuwa fenda. Iskar taya, girmanta da yadda ta ci duk suna shiga wannan lissafin su ɓata shi. Daga tsakiyar wili ake aunawa, inda tambarin VW yake, a miƙe sama zuwa leɓen fenda. Wannan tazarar ba ruwanta da taya, ƙafar kawai take gaya maka.

Ka sami daɓen siminti shimfiɗaɗɗe daidai, irin na gidan mai, ba ƙofar gida mai gangara ba. A kwashe kayan but, a bar safaya da jak a wurinsu, kowa ya fita daga motar. Man da ke tanki ma ka lura da shi, don tankin Golf ta biyar lita 55 yake ci, kuma nauyin nan a baya yake zaune. Idan da rabin tanki ka auna yau, da rabin tanki za ka auna gobe. Idan an ɗaga motar da jak, kada ka auna nan take. Tura ta gaba da baya ko ka zagaya layi da ita ka dawo, ƙafar ta koma mazauninta. Sannan ka rubuta lambobi huɗu a takarda, ba a ka ba.

A ce ka sami 350 a gaban hagu, 352 a gaban dama. Wannan ba komai ba ne. Amma idan ka ga 350 da 364, tsaya, akwai magana. Ni a wurina duk bambancin da ya kai milimita 10 tsakanin hagu da dama sai na leƙa ƙasa. Mafi yawan lokaci zoben ƙarshe na sifirin ne ya karye ya zauna cikin kofinsa shiru, ba ya ko ƙara. Motocin da suka sha gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara a can sun fi yin haka, tsatsa ta ci sifirin daga ƙasa. Wani lokacin kuma wani ne ya canja gefe ɗaya da abin da hannunsa ya kai.

Me ke ƙarƙashinta?

Cire taya, goge sifirin da tsumma. Na kamfani baƙi ne, da ɗigo-ɗigon fenti masu launi a jikin zobe ɗaya. Ɗigon nan ba ado ba ne, shi ke nuna ƙarfin sifirin da nauyin da aka yi shi dominsa. Mota mai giyar DSG, wato mai canja kanta, ta fi mai giyar hannu nauyi a gaba, Golf R32 mai injin silinda shida ta fi GTI nauyi nesa ba kusa ba, mai jan ƙafa huɗu kuma bayanta daban ne. Shi ya sa idan za ka sayi na Beljiyom, ka ɗauki hoton ɗigon naka ka tafi da shi kasuwa. Mai shago zai ce maka "Alhaji, ai duk Golf 5 ne, zai hau." Zai hau ɗin, amma hawa daban, dacewa daban. Akwai kuma takarda manne a but, kusa da ramin safaya, mai jerin lambobi na haruffa uku-uku. A cikinsu akwai waɗanda ke faɗin irin ƙafar da motar ta fito da ita, kuma mai kwamfutar kayan VW zai iya karanta maka su.

Idan ba ɗigo, sai ka ga rubutun kamfanin Eibach ko H&R a jiki, wani ya riga ka sauke ta. Idan shokozoba tana da zare a jikinta da zoben da ake murɗawa, koyiloba ce. Idan kuwa ƙarshen sifirin ya nuna sabon yanka, ko fentinsa ya ƙone zobba biyu sun manne da juna, to ta ratsa hannun mai walda. Wannan ba gyara ake yi masa ba, jefarwa ake yi. Ƙarfen da aka gasa da wuta ya rasa ƙwarinsa, zai ci gaba da zama har ranar da zai karye.

Leƙa baya ma. Golf ta huɗu mai jan gaba doguwar sanda ɗaya ce ta haɗa tayoyin baya. Daga ta biyar aka koma hannuwa huɗu a kowane gefe, kowace taya tana motsinta ita kaɗai. A ta bakwai aka raba: masu ƙaramin inji suka koma sanda, masu ƙarfi irin GTI da R suka riƙe hannuwan. Ba Volkswagen kaɗai ba, Honda Civic Type R ta Turai da ta fito a 2007 sanda ce a bayanta, alhali wadda ta gabace ta ba haka take ba. Amfanin sanin wannan shi ne mai sanda idan ta sauka kwanciyar tayarta ba ta canjawa sosai, kuma ba wani notin saiti a wurin. Mai hannuwa kuwa tana sauka tayoyin baya suke kwantowa ciki ta sama, amma tana da notin da ake murɗawa a daidaita.

Sai gaba. Kaurin bututun shokozobar gaba iri biyu ne a waɗannan motocin, milimita 50 da 55, kuma GTI mai 55 take ɗauka. Ka auna kafin ka biya kuɗi. Idan ka ga waya ta shiga jikin shokozoba, motar mai DCC ce, wato kwamfuta ke sarrafa taurinta. Ka ɗaura mata wadda ba waya, fitilar gargaɗi za ta kama a dashbod.

Abin da saukewa ke ci

Mutane suna kallon tazarar da ke tsakanin taya da fenda. Ni tazarar da ba a gani nake kallo, wadda ke tsakanin kan shokozoba da robar nan mai kama da soso da ke zagaye da sandarta. Wannan 'yar tazarar ita ce duk filin da taya take da shi na hawa sama idan ta taka tudu. A motar da kamfani ya riga ya sauke, filin da ma ba yawa. Ka ƙara cire 25 ko 30, sai motar ta koma kusan zaune kan robar, kowane rami ya taho kai tsaye zuwa ƙugunka, kamar wanda ya zauna kan benci a bayan akori-kura. Mai motar zai ce ta yi tauri irin na tsere. Ba tauri ba ne, ƙafar ce ta ƙare. Kuma tayar da ba ta da wurin motsi tsalle take yi, tayar da ke sama kuwa ba ta riƙe titi, ba ta kama birki.

Na biyu shi ne kwanciyar lowa'am, hannun ƙasa da ke haɗa tayar gaba da jikin mota. Ka tsuguna a gaban motar ka dube shi. A tsayin kamfani kusan a kwance yake, ko ya ɗan gangara zuwa wajen taya. Idan aka sauke mota da yawa sai ya juye, ɓangaren taya ya fi na ciki tsawo. Daga nan motar take ƙara son kishingiɗa a kwana duk da ta matso ƙasa, sai an sa sifirin mai tsananin tauri kafin a danne ta. Tayirod, sandar da ke kai motsin sitiyari zuwa taya, shi ma yana bin wannan karkatar, shi ya sa za ka ji sitiyari yana fizga da kansa duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa gargada. Shaf ɗin da ke juya taya shi ma yana aiki a karkace, robarsa ta yi saurin yagewa.

Na uku kowa ya san shi, amma sai ya faru ake tunawa. Botom filet ɗin injin GTI ta bakwai, wato kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, roba ce. Tudun rage gudu irin wanda 'yan unguwa ke zubawa da kansu, mai tsini ba faɗi, ba ya tambayar kuɗin mota. Ya taɓa ta sau ɗaya da kyau, baƙin mai ya tsiyaye a titi, idan ba ka kashe inji nan take ba maganar ta tashi daga ƙafa ta koma inji.

To me za a saya?

Idan ra'ayina kake so, a titunan da nake bi kullum tsayin kamfani na GTI ya isa. Sabuwar shokozoba mai kyau irin Sachs ko Bilstein B4, sabon kan shokozoba da bushin, sai ka ji motar ta dawo yarinya. Yawancin masu cewa motarsu tana lilo a kwana ba tsawo ke damunsu ba, shokozoba ce ta mutu tun kafin motar ta hau jirgin ruwa. Wanda yake son ƙarin kamewa ba tare da sauka ba, Bilstein B6 da sifirin ɗin kamfani ya wadatar.

Amma na san akwai wanda zuciyarsa ta riga ta tafi, kuma motarsa ce. To ka yi shi da tsari. Gajeren sifirin yana son gajeriyar shokozoba, abin da aka yi Bilstein B8 dominsa ke nan, kuma akwai saitin B12 da ke zuwa da su a haɗe. Gajeren sifirin a kan tsohuwar shokozobar kamfani zai yi tafiya, amma ba zai daɗe ba ta fara zubar da mai. Kada ka wuce milimita 15 zuwa 20 ƙasa da yadda GTI ta fito. Ido zai ga bambancin, ƙafar kuma tana da sauran numfashi.

Koyiloba tana da daɗi saboda kai ke zaɓar tsayi. A wurin kamfanin KW, V1 tsayi kawai ake saitawa, V2 an ƙara saitin yadda take dawowa bayan ta matse, V3 kuma matsewar da dawowar duka. Sai dai abu biyu. Ƙurar hunturu da ruwan damina suna cika zaren nan, bayan shekara ka zo murɗawa ka tarar ya kafe, don haka a wanke shi a shafa masa giris lokaci-lokaci. Sannan waɗanda ake tallatawa a intanet ba suna ba asali, saiti guda a kuɗin da bai kai na shokozoba biyu masu kyau ba, ka bar su inda ka gan su. Araha ba ta ado.

Akwai kuma masu zuwa da akasin wannan buƙatar, sun sayi mota a sauke suna son a ɗaga. Hanya mafi tsafta ita ce a nemo sifirin ɗin kamfani mai ɗigon da ya dace. Idan ana son ƙari, ana sa zoben ɗagawa na milimita 10 zuwa 15 a saman sifirin ko saman shokozoba. Volkswagen da kanta tana yin ƙafa ta musamman mai tsawo domin ƙasashen da titunansu ba su da kyau, don haka ɗagawa ba abin kunya ba ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cusa guntun taya tsakanin zobban sifirin. Yana kashe zobban da ya tokare, sauran su ɗauki aikin da ya fi ƙarfinsu.

Ranar ɗaurawa

Ka tsaya a wurin, ko da kana da uzuri. Ba don rashin yarda ba, don ƙananan abubuwan da gaggawa ke sa a tsallake.

Sifirin ɗin gaba a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu ko muƙamuƙi. Da abin matse sifirin ake cire shi, ba da igiya ba, ba kuma yara biyu su taka shi a kwance noti ba. Inda shokozoba ta shiga wuyan ƙafa akwai tsaga da ake buɗawa da wani ɗan makulli na musamman, ana sa shi a juya kwata. Idan ka ga an ɗauko kurfi da guduma za a dake tsagar, ce masa "Malam, dakata." Da yawa daga notocin ƙafar VW kuma masu miƙewa ne idan an ɗaure su, kamfani ya ce sau ɗaya ake amfani da su. Sababbi ba su da tsada idan aka gwada da abin da suke riƙewa.

Ƙarshen sifirin yana da gurbin da yake tokara a jikin robar da yake zama a kai. Idan bai shiga gurbin ba, gefen zai fi ɗaya tsawo kuma zai riƙa ƙara. A baya sifirin da shokozoba a rabe suke, don haka gwajin da sauƙi: a ɗaga motar taya ta rataya, ka kama sifirin da hannu ka girgiza. Idan ya motsa, ya yi gajarta da yawa, kuma wata rana zai fice daga mazauninsa a kan hanya.

Wanda aka fi tsallakewa shi ne ɗaure bushin. Robar bushin ba juyawa take yi a kan noti ba, murɗewa take yi. Idan aka ɗaure notin tamau alhali taya tana rataye, ana sauke motar robar za ta zauna a murɗe, ta ɗaga motar sama da inda ya kamata, bayan 'yan watanni ta tsage. Daidai shi ne a kama notocin sama-sama, a sauke motar kan tayoyinta a bisa rami, sannan a shiga ƙasa a ɗaure. Kuma duk lokacin da tsayi ya canja, har bushin ɗin da ba a taɓa ba yana son a sassauta shi a sake ɗaurewa a sabon tsayin.

Bayan nan ka yi kwana biyu kana yawo da ita a hankali, ka koma daɓen da ka fara awo, ka gwada da takardarka. Sannan alaimen, na ƙafa huɗu a kan na'ura, ba na zare a bakin titi ba. Abin da ke cinye cikin taya cikin wata biyu yawanci ba kwanciyar tayar ba ce, bakinta ne da ya buɗe ko ya tsuke bayan saukewa. A bayan GTI ana saita duka biyun. A gaba bakin kawai ake saitawa da tayirod, kwanciyar kuwa ba ta da noti, sai dai a ɗan gusa gadon da injin ke zaune a kai don a raba bambancin tsakanin hagu da dama. Mota mai fitilar zenon tana da ɗan hannu a jikin ƙafa da ke gaya wa kwamfuta tsayinta. A sa kwamfuta a koya mata sabon tsayin, in ba haka ba ko ta haska ƙasan bamba ko ta kashe wa masu tahowa ido.

Taya ma tana cikin lissafin, ko da yake ba ta cikin awon. Lamba 225/45 R17 gefenta kusan milimita 101 ne, 225/40 R18 kuma 90. Tsayinsu gaba ɗaya kusan ɗaya ne, amma milimita 11 ɗin nan na roba su ne tsakanin wili da bakin rami. A titin da ke da ramuka 17 na fi so, ko da 18 ta fi kyau a hoto. Wasu suna sa 225/50 R17 don su sami ƙarin tsawo, kuma tana ɗaga motar kusan milimita 11, sai dai agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da yadda yake nunawa da kusan kashi 3 cikin 100, kuma a motar da aka sauke za ta goga fenda.

Gwajin ƙarshe ba kai kaɗai za ka yi shi ba. Motar da ta wuce tudu lafiya da direba kawai, ba ita ce motar da za ta tafi gida da Sallah ba. Ɗauki mutum huɗu manya, sa buhun shinkafa a but, ka je tudun da ya fi kowane mugunta a unguwarku ka haye a hankali, gilashi a sauke kana saurare. Sannan ka murɗe sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka yi gaba ka yi baya. Idan kun sauka, zura hannu cikin fenda ka shafa robar ciki da leɓen ƙarfen, ka duba gefen taya ko akwai layi mai sheƙi. Idan akwai, mai koyiloba ya ƙara milimita 5 a ƙafar hagu da ta dama na wannan ɓangaren, gaba ne ko baya, ya sake komawa alaimen.